Takalman Mma da Shirun Mutanen Finland

Ni dai kowa ya san ni da baki. Tun muna zango a Kumasi haka nake, in aka taka ni sai unguwa ta ji, kuma zaman New York bai rage mini komai ba, sai ma ƙarin zagin Turanci da na tsinta a jirgin ƙasa. Shi ya sa har yau matan unguwarmu ta University Heights da ke Bronx suke mamakin yadda na ga abin da na gani a gidan maƙwabciyata Hajiya, na haɗiye shi wata da watanni ban ce uffan ba. Wasu sun ce girma ne ya zo mini, wasu sun ce addu'ar mahaifiyata ce ta kama ni. Ba ko ɗaya. Wani fim ne na mutanen Finland.

Aikina kula da tsofaffi a gidajensu. A lokacin ina wurin wata tsohuwa farar fata wadda iyayenta daga Finland suka zo. In na yi mata wanka, na ba ta abinci da magani, sai ta nuna talabijin da sandarta. Jikarta ta saka mata wani fim mai dogon zango na ƙasar iyayenta, shi take kallo kashi-kashi bayan azahar. Da fari baya nake juya masa ina ninke kaya. Ni da na taso da fina-finan Indiya da na Kano, inda ake kuka a yi rawa a sake yin kuka, me zan gani a wurin mutanen da ke zaune cikin rigunan sanyi suna kallon taga?

Fassarar da ake rubutawa a ƙasa ce ta fara jawo ni. Karatuna na Turanci tafiyar hawainiya ce, kowane fim kafin in kai rabin layi rubutun ya ɓace. Su kuwa mutanen nan rowar magana gare su. Mutum zai faɗi kalma uku ya yi shiru, ya kurɓi baƙin kofi, ya duba farcensa, kafin abokinsa ya amsa na karanta layin na maimaita, har na leƙa tukunya na dawo. Shi ne fim na farko da rubutunsa bai taɓa tsere mini ba.

Labarin wani ƙaramin gari ne da dusar ƙanƙara ta rufe. Akwai wata gabjejiyar mace mai tuƙa motar share titi, fuskarta kullum kamar an aiko mata da saƙon mutuwa. Maƙwabcinta ya cuci mahaifinta, ya raba shi da ƙaramin gidansa na bakin tafki. Ba ta kai ƙara ba, ba ta zage shi ba. Kowace safiya za ta share titunan garin tas, ta turo ƙanƙarar duka ta jibge masa a bakin ƙofa, sai dai ya fito ta taga. In sun haɗu a shago ta ɗaga masa kai, shi ke nan gaisuwar. Ana nan wani ya mutu bisa kuskure, aka cusa gawarsa cikin tulin ƙanƙarar nan, daga baya gawa ta zama biyu, sai rabin garin ya koma zaman ɗarɗar, kowa na addu'ar kada rana ta fito. Akwai inda aka kwashe kifi daga firiza don a samar wa gawa wuri, sai gardama ta kaure a kan wa zai ci kifin kafin ya lalace, ga ƙafar mamacin nan a waje ba wanda ya ko kalle ta. Na yi dariya har na riƙe ciki, na yi istigfari, na sake yin dariya. Tsohuwar kuwa kafaɗarta kawai ke motsi.

Abin da ya fi kama ni shi ne, duk tsawon fim ɗin ban ji wanda ya ce wa wani ya yi haƙuri ba. In an cuce ka, ba mai zuwa ya dafa kafaɗarka ya ce ka bar wa Allah tun kafin ka buɗe baki. Fushinka naka ne, ka riƙe abinka, ka ciyar da shi yadda kake so. A lokacin ban san ina da buƙatar wannan ba.

Mu a nan, duk wanda zai tafi gida jakin kowa ne. Da an ji kin yanki tikiti, ranar Lahadi kafin tafiya gidanki zai cika, kowa da ɗan ƙullinsa: magani, turare, waya, kayan jarirai. Ba a ƙin saƙo. Iyaka ki ce wallahi kilo ya cika, a roƙe ki, ki yi ƙorafi, ki cire zanenki ɗaya ki saka na mutane. Gobe ke ce za ki aika. Kuma duk abin da kika karɓa amana ne, ko allura ce sai ta isa hannun mai ita.

Mma, mahaifiyata, ciwon suga ya kumbura mata ƙafafu har silifa ya daina shiga. Ita kuwa ba ta da wani buri sai ta taka ta je masallacin Juma'a da ke bayan gidanmu. Na zagaya shaguna na samo mata takalmi mai laushi, irin na masu wannan ciwon, mai maɗauri da ake saki a ɗaure daidai kumburi. Na naɗe su a wani yankin tsohuwar atamfata, shuɗiya mai zanen tsuntsaye, na ƙulle. Ni takarduna na zaman ƙasa ba su fito ba a lokacin, ba halin tafiya. Hajiya ce za ta tafi, 'yar zangonmu, gidan iyayenta da namu layi biyu ne tsakani, nan ma bene ɗaya ya raba mu. Sana'arta sarin jakunkunan mata da agoguna a Canal Street ta kai gida ta sayar. Ta karɓi ƙullin da hannu biyu.

"Haba Sista, na Mma ai ko a kaina zan ɗora shi," in ji ta.

Kowace waya Mma sai ta tambaya ko takalman sun iso. Hajiya ta sauka, ta kwana biyu, shiru. Da na matsa mata a waya sai ta ce, "Ai na kai tun tuni. Mma tana barci, na ba matar ƙaninki a bakin ƙofa."

Matar ƙanena ita ce ke jinyar Mma. Ita ke wanke ta, ita ke juya ta, ita ke fitar da fo. Ta rantse ba ta ga ko ƙyallen ba. Amma maganar Hajiya ce, wadda ta je Makka take kuma raba wa zango tsaraba, a kan maganar yarinyar da aka auro daga ƙauye. Gwaggonninmu suka yanke hukunci cewa ta sayar ta ci. Ƙanena, mai kunnen ƙashi in ni ce ke magana amma mai kunnen auduga in gwaggonni ne, ya bi su. Kafin in sake samun mai tafiya in aika wasu, Mma ta rasu, ba ta taka masallacin ba. Ban ga gawarta ba, a waya na yi zaman makoki. Bayan sadakar arba'in maganar ta sake tashi, har wata ta ce wadda ta saci takalmin mara lafiya Allah kaɗai ya san me kuma ta yi. Yarinyar ta ɗauki ɗanta ta koma gidan iyayenta da sunan ɓarauniya a kanta. Na yi ta faɗa a waya cewa ban yarda ba, amma faɗan nesa ba ya kashe wuta, kuma ba ni da shaida.

Ana nan 'yar Hajiya ta haihu, muka taru a gidan Hajiyar aikin suna. Ana tsaka da yankan albasa Hajiya ta ce in duba sito in ɗauko babbar tukunyar wake da shinkafa. Na jawo tukunyar, sai ga shuɗin ƙyalle mai tsuntsaye a bayanta, an danna shi cikin lungu. Ƙullina ne, yadda na ƙulla shi, ko kwancewa ba a yi ba. Na taɓa, na ji takalman a ciki. Ashe ko Bronx ba su bari ba.

Na so in fito da ƙullin in buga mata a fuska, in kira ta da sunan da ya dace da ita a gaban surukanta. Har na ji kalmomin sun jeru a bakina. Amma na san abin da zai biyo baya kamar yadda na san tafin hannuna. Za a rirriƙe ni, a ce ranar farin ciki ce, a ce don darajar jariri. Hajiya za ta fashe da kuka ta ce mantuwa ce, ko ta ce wani ƙullin ne. Kafin la'asar labari ya isa Kumasi cewa masifaffiyar nan ta tarwatsa sunan mutane, maganar takalmi kuma ta bi ruwa. A tsaye a sito ɗin nan fuskar matar nan mai share ƙanƙara ta faɗo mini a rai. Na mayar da ƙullin inda yake, na ɗauki tukunyar na fito, na ci gaba da yankan albasa. Ta ma yi mini amfani, ba wanda ya tambayi dalilin hawayena.

Daga ranar kallon fim ɗin ya zama mini makaranta. Akwai wani ɗan sanda a ciki, ƙato, malalaci, kullum da burodi a aljihun rigarsa. Ba ya tsawa, ba ya mari. Zai shiga gidan wanda yake zargi, ya cire takalmi, ya zauna, ya yi tambaya guda, sai ya kama cin burodinsa yana kallon mutum. Mutanen garin sun saba da shiru, sai su ma su zauna, a yi ta zama har kofi ya huce, ba wanda ya ci riba. Wannan ne abin dariyar. Amma rannan aka kawo masa wani baƙo ɗan birni mai surutu, kafin ya cinye rabin burodin mutumin ya tona kansa, ya tona ƙaninsa, ya faɗi har laifin da ba a tambaye shi ba. Na ajiye cokalin da nake ba tsohuwa abinci na ce a raina, ai mu duka wannan baƙon ne. Mu da ko a lif muka haɗu sai mun tambayi gajiya da sanyi da yara da mutanen gida, wa zai iya zama cikin taro a yi masa shiru?

Na tambayi tsohuwar ko da gaske haka mutanensu suke. Ta ce mahaifinta ya yi fushi da ɗan'uwansa a kan wani kwalekwale, suka yi shekaru suna zuwa kamun kifi tare ba mai ce wa wani komai. Na ce wa ya yi nasara? Ta ce wanda ya riga mutuwa ne ya sha kaye.

Ban yi gaba da Hajiya ba, don gaba haramun ce, kuma tana tona asiri. Ina gaishe ta, in ɗaga mata kai a matakala, in wuce. Har tuwo na aika mata da azumi. Amma ba zan ɓoye ba, na ƙi jinin matar nan ƙi mai tsanani. In na ji dariyarta ta saman bene sai abinci ya fita raina. Ina tuna muryar Mma tana tambaya ko sun iso, ina tuna yarinyar can da ke zaune gidan iyayenta, sai in ji har haƙorana suna ciwo. Na sha tsayawa a gaban madubin banɗakin tsohuwa ina koyon sakin fuska, ba murmushi ba harara. Ya fi wuya fiye da yadda ake zato.

Da takarduna suka fito na yanki tikiti, na kuma tabbatar labari ya hau bene. Ranar Lahadi bayan la'asar falona ya cika. Ga akwatuna biyu a buɗe, ga sikeli a tsakiya, ga Magajiya, shugabar matan zangonmu a nan, ta hakimce a kujera tana lura da awo. Na karɓi na kowa da fara'a. Can sai ga Hajiya da leda mai kyau.

"Sista, ga ɗan saƙon Mamana. Small ne, ba nauyi."

Na dube ta na ce, "A'a."

Ban ƙara komai a kai ba. Ban ce kilo ya cika ba, ban ce wallahi ba, ban ce ta yi haƙuri ba. Na zauna, na jawo kofin shayina. Tun da aka kafa zango ban jin an taɓa ƙin saƙo tsirara haka. Falon ya yi tsit, har ana jin ƙarar jirgin ƙasa daga can titi.

Hajiya ta yi 'yar dariya. "Overweight ne? Ai zan biya."

Na kurɓi shayi ina kallonta.

Magajiya ta ce, "'Yata, lafiya dai?"

Na amsa mata da ladabi cewa lafiya lau, na mayar da idona kan Hajiya. Fuskata ba ta motsa ba.

"Ko wani ya kawo miki gossip a kaina?" in ji Hajiya. Ta waiga tana neman mai taya ta, kowa ya sunkuyar da kai. "In maganar ankon bikin nan ne, ai na ce miki ya ƙare ne." Shiru. Ta gyara mayafi, ta sauya ledar zuwa ɗaya hannun. "In kuma takalman nan ne, ai na gaya miki tuntuni, matar ƙaninki na ba."

Magajiya ta ɗago. "Hajiya, wa ya yi maganar takalmi?"

Daga nan bakinta ya ƙi rufuwa. Ta ce wataƙila ba matar ƙanena ba ce, wata ce mai kama da ita. Ta ce ko dai a airport aka cire. Ta ce ita fa mutum ce, tana mantuwa. Ni dai ina zaune. Gumi ya keto mata ta ƙarƙashin hoda. Sai ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Kaya ne suka yi mini yawa, jakunkunan nan na order ne, mutane sun riga sun biya. Na ce next trip zan kai. Da kika matsa mini a waya sai bakina ya suɓuce. Kafin in koma Allah ya yi mata rasuwa. To ya zan yi? In zo in ce miki me?"

Sai a lokacin na yi magana. "Suna sito ɗinki, bayan babbar tukunya. Ki hau ki ɗauko."

Ta dubi Magajiya. Magajiya ta nuna mata ƙofa da haɓa. Muna jin takunta tana hawa, muna jin saukowarta. Ta ajiye shuɗin ƙullin a kan sikeli, don nan ne kawai babu kaya. Wata a cikin matan ta fara salati a hankali.

"To, gaskiya ta fito," in ji Magajiya. "Sai a yi haƙuri, 'yata."

"Magajiya, ba ni za ta ba haƙuri ba."

Na kira ƙanena, na buɗe muryar wayar, na ajiye ta a gaban Hajiya. Ta faɗa da bakinta, tun daga jakunkunan Canal Street har zuwa ƙaryar bakin ƙofa. Inda ta so ta tsallake, na ɗago kai kawai na dube ta, ta koma ta cike. Na ji daɗi. An ce ramuwar gayya ta fi gayya zafi, ni dai sanyi na ji tun daga kai har ƙafa. Ta ɗauki ledarta ta fita, ba wanda ya ce ta gaida gida. Daga baya na ga ƙullin Magajiya ya ƙara kumburi, na san maganin mahaifiyar Hajiya ne aka cusa a ciki. Ban tambaya ba. Saƙon Magajiya na ɗauka, kuma na kai.

Washegarin saukata Kumasi na tasa ƙanena a gaba zuwa ƙauyen surukansa. Muka tarar da matarsa a tsakar gida tana wanki, ta rame, ɗanta a goye. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, ta gaishe ni ta yi mini gaisuwar Mma. Mijinta ko kallo bai samu ba. Na miƙa mata ƙullin. Ta goge hannunta a zane, ta kwance shi a hankali, ta ɗauki takalmi ɗaya ta zura hannu ciki, ta saki maɗaurin ta mayar.

"Da sun yi mata daidai, Yaya," ta ce. "Ta hagun ce ta fi kumburi, ga shi kuwa ana iya saki."

Nan fuskar da na yi wata da watanni ina koyo ta rushe, na yi kukan da ban yi a waya ba. Ƙanena ya durƙusa ya fara jero ban haƙuri, yana cewa sharrin shaiɗan ne, ta tashi su tafi gida. Ta bar shi ya gama. Sannan ta naɗe takalman a ƙyallen, ta ƙulle, ta ɗora masa a hannu.

"Ka bi gida-gida," in ji ta. "Duk inda aka ce na sayar, ka kwance ka nuna musu, ka faɗi inda aka samo su. In ka gama ka dawo mu yi magana."

Ni na raka shi. Da gidan babbar gwaggonmu muka fara, kuma ban bar shi ya tsallake ƙofa ko ɗaya ba.